Goyo Ko Ja? Kafin Ka Kai Motarka Wurin Mai Walda

Mai a-kori-kura a Garu da ke fita jefi-jefi, zuwa biki a Birnin Ƙonni ko kwanan gona lokacin girbi, wata rana zai so wurin kwana da na ajiyar kaya su riƙa tafiya tare da shi. Hanya biyu ce: ko a ɗora wa bayan motar rumfar ƙarfe, ko a ƙera ƙaramar tirela a ja. A Amurka kamfanoni ke ƙera duka biyun, da gado da wurin girki. Mu kuwa mai walda ne injiniyanmu, shi ya sa lissafin ya dawo kanka.

Fara da nauyi. Hilux tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, kuma a ciki har da kai da fasinjoji da jarkokin ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya. Idan rumfar ta cinye rabi, me ya rage wa buhunan gero? Ga tsayi kuma. Duk abin da aka ɗora sama yana sa mota karkata a kwana, balle iskar hunturu ta buge ta daga gefe. Amma goyon rumfa yana da ranarsa: cikin yashi da hanyar burji motar na ratsawa ba tare da wani abu na riƙe ta a baya ba, kuma juyawa a cunkoson kasuwar Illela ranar Lahadi ba ya zama aiki.

Tirela ta fi ɗaukar kaya, kuma in ka isa sai ka kwance ta, motarka ta zama taka. Haɗarinta shi ne lilo. Idan kaya suka yi yawa a bayanta, da zarar babbar mota ɗauke da albasa ta wuce ka a hanyar Sakkwato, sai ta fara kaɗa wutsiya har ta ja motar da kanta. Maganin shi ne a tura nauyi gaban taya, kusan kashi 10 cikin 100 ya sauka kan mahaɗinta da mota. In lilon ya fara, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka danna birki da ƙarfi. A Tarayyar Turai, tirelar da ta haura kilo 750 dole ta kasance da birkin kanta. Tambayi mai waldarka ko tasa tana da shi. A yawancin lokaci dariya zai yi. Kada kuma a ɗauki mutum a cikin tirela, ko yaro ne.

Abin da aka fi mantawa shi ne zama. Tirelar da ta yi watanni cikin rana tayarta na tsattsagewa ko da zanenta sabo ne. Rumfa kuwa kullum tana shan manka, ko cefane ka je, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san farashin hakan.

Mai niyyar ƙetarawa Nijar ya tuna an rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 har Maris na 2024. Ya tambayi kwastan da jami'an kiyaye haɗurra takardun da tirela ke buƙata tun kafin a yanka ƙarfe.

A ganina, mai fita sau biyu ko uku a shekara ya yi rumfa mara nauyi, ta bututu da tamfol, wadda ake kwancewa da ƙusoshi. Ranar da kaya suka fi ƙarfinta ya ɗauki shatar wata motar. Kwana kuwa, da halin tsaro a gabashin Sakkwato, a yi shi cikin gari, a ƙofar wanda aka sani.