Yadda Ganyen Shuka Ke Kare Kansa Daga Yawan Hasken Rana: Bayani Ga Manoma

Manomanmu na Furfuri da sauran yankunan Bunguɗu, Gusau da Tsafe sun saba ganin ganyen masara yana naɗewa da tsakar rana idan ruwa ya ɗauke, na gyaɗa kuma yana rufewa. Muna so mu yi bayanin abin da ke faruwa a cikin ganyen a wannan lokaci, domin yana da nasaba da yawan amfanin da za a girbe.

A cikin kowane koren ganye akwai wasu ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira kuloroplas. A nan ne shuka ke haɗa abincinta. Hasken rana yana fasa ruwan da saiwa ta jawo, sai ƙwayoyin lantarki su fito, su riƙa wucewa daga wannan sinadari zuwa wancan kamar ana miƙa guga hannu da hannu. Da ƙarfin da suka samar ne shuka ke sarrafa iskar kabon ta zama sukari, wanda daga baya yake zama ƙwayar hatsi.

Matsala tana tasowa ne idan ƙasa ta bushe. Ganye yakan rufe ƙofofin numfashinsa don tsimin ruwa, iskar kabon ta daina shiga, alhali rana ba ta daina dukansa ba. Sai ƙwayoyin lantarkin su taru ba wurin zuwa, su haɗu da iskar oksijin, su haifar da sinadarai masu lalata ganye.

Kamar yadda ake sakin ruwa a madatsar Bakolori idan ta cika, haka shuka ke rage wa kanta nauyi. Da farko, tana mayar da rarar hasken ta zama zafi, ta sake shi. Na biyu, tana karkatar da wasu ƙwayoyin lantarkin su yi ta kewayawa, abin da ke rage gudun sauran. Na uku, wake yakan juya ganyensa gefe don kada rana ta doke shi kai tsaye. Gero, dawa da masara kuwa suna da hanyar tara iskar kabon a cikin ganye, wadda masana Hatch da Slack suka bayyana a 1966, shi ya sa suka fi jure rana.

Sai dai wannan kariya tana da tsada, domin idan gajimare ya rufe rana, shuka takan ɗauki mintuna kafin ta koma cikakken aiki. A 2016, masana a Jami'ar Illinois ta Amurka sun gaggauta wannan komawa a ganyen taba, yabanyar ta ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100.

Saboda haka muna kira ga manoma da su yi dashen tumatir da tattasai da yamma, su yi wa gadon iri rumfa, sannan masu noman rani kada su bari ƙasa ta bushe kafin ban-ruwa. Haka kuma muna roƙon malaman gona da masu unguwanni su isar da wannan bayani ga jama'a, domin shukar da ta sha ruwa ce ke cin moriyar rana.