Daga Bobi zuwa Bahar Maliya: alƙaluman hutun nutso na mako guda

Mutum miliyan 15.7 ne suka shiga Masar yawon buɗe ido a 2024, bisa alƙaluman Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido da Kayan Tarihi ta ƙasar. A 2023 miliyan 14.9 ne, wato an samu ƙarin kusan kashi 5 cikin 100. Cikin waɗannan baƙi akwai masu zuwa Sharm el-Sheikh da Hurghada domin nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya. Ga mai shirin tasowa daga Bobi, a masarautar Kontagora, hanyar ita ce mota zuwa Abuja ko Kano, jirgin EgyptAir zuwa Alƙahira, sannan wani jirgin na kimanin awa ɗaya zuwa Sharm el-Sheikh.

Jimillar tana hawa tana sauka da labarin tsaro. A 2010 baƙi miliyan 14.7 aka ƙirga. Bayan faɗuwar jirgin Rasha a yankin Sina ranar 31 ga Oktoba 2015, wanda ya halaka mutum 224, hukumar ƙididdiga ta Masar, CAPMAS, ta ƙirga miliyan 5.4 a 2016. Raguwar daga 2010 ta haura kashi 60 cikin 100. Birtaniya ta dakatar da jiragenta zuwa Sharm el-Sheikh har zuwa Oktoban 2019.

Kuɗin tafiyar da dala ko yuro ake lissafa shi, don haka farashin canji ne ke yanke hukunci. A watan Mayun 2023 Babban Bankin Najeriya yana sayar da dala a kan kimanin naira 460. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,500. Duk dala 1,000 ta tashi daga naira 460,000 zuwa sama da naira miliyan 1.5, ninki uku da ɗoriya. Masar ma ta karya darajar kuɗinta a watan Maris 2024, daga kusan fam 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa kuɗin tasi da na abinci a kasuwa, amma bai taɓa kuɗin darasin nutso ba, tunda cibiyoyin nutso galibi da yuro suke rubuta farashi.

Giram 40 na gishiri ke cikin kowace lita ta ruwan Bahar Maliya, alhali matsakaicin tekunan duniya giram 35 ne. Wanda ya saba iyo a Tafkin Kainji, inda ruwan ba gishiri, zai ji wannan teku tana tura shi sama. Shi ya sa ake ɗaura wa mai nutso ɗamarar dalma a ƙugu, ana ƙara nauyinta har ya daidaita a cikin ruwa. A wannan ruwa masana halittun teku sun ƙirga nau'in kifi sama da 1,000, kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasu ba a samun su a wata teku. Don kare su da murjanin da suke rayuwa a ciki aka kafa gandun Ras Muhammad a 1983.

Kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya masu shekara 15 zuwa sama ba su iya iyo ba tare da taimako ba, a binciken da Gallup ta yi wa gidauniyar Lloyd's Register a 2019. Ƙungiyar PADI, wadda ke ba da shaidar nutso tun 1966, ba ta ba da shaidar farko sai ɗalibi ya ci gwajin iyo, kamar iyon mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10. Wannan sharaɗi a gida ya kamata a cika shi, watanni kafin sayen tikiti.

Kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara, in ji rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006. Likitocin nutso suna hana mai sikila shiga zurfin ruwa da tukunya, mai jinin AS kuwa sai ya ga likita tukuna. Gwajin jini a Kontagora ko Minna ya fi sauƙi a kan jin wannan labari a bakin teku bayan an biya otal. Haka katin rigakafin shawara da Masar ke nema: sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki.

Mita 18 ce iyakar zurfin mai shaidar farko ta PADI. Mai shaida ta biyu yana kaiwa mita 30, kuma mita 40 ce iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya. Jirgin ruwan Birtaniya, Thistlegorm, da aka nutsar a Oktoban 1941 da babura da manyan motoci a cikinsa, yana kwance a zurfin kusan mita 30. Sabon ɗalibi ba zai kai gare shi a tafiyar farko ba, ko da hotonsa ne ya sa aka yi niyyar zuwa.

Lita 2,400 ta iska ce a tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa matsin bar 200. Ana barin kashi ɗaya cikin huɗu a matsayin ajiya, saura lita 1,800. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar doron ƙasa, don haka numfashi ɗaya a mita 10 yana cin ninki biyu na iskar da zai ci a sama. Idan an ɗauki lita 20 a minti, tukunyar za ta kai minti 45 a mita 10, minti 32 a mita 18, minti 22 a mita 30. Jadawalin PADI kuma ya ƙayyade minti 56 a mita 18 da minti 20 a mita 30, saboda naitirojin da ke taruwa a jini. A mita 18 iska ce ke fara ƙarewa. A mita 30 lokaci ne ke riga ta.

Awa 18 ce mafi ƙarancin jira kafin hawa jirgin sama bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, awa 12 kuma bayan nutso ɗaya, bisa ƙa'idar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ta 2002. Darasin farko yana cin kwana uku zuwa huɗu, da nutso huɗu a teku. A hutun kwana bakwai, idan an cire ranar zuwa da ta komawa, kwana ɗaya ko biyu ne ke saura na zaga gari.

Mita 2,285 ce tsawon Jabal Musa, dutsen da ake dangantawa da Ɗuri Sina, mai nisan sama da kilomita 200 daga Sharm el-Sheikh. Ƙa'idar DAN ta shafi matsin iska na tsawo tsakanin mita 610 da 2,440, kuma ƙololuwar dutsen tana cikin wannan tazara. Masu kai baƙi suna ɗaukar mutane daga otal da dare domin a hau kafin fitowar rana. Wanda ya fito daga nutso da ƙarfe 3 na yamma, aka fara hawa da shi da ƙarfe 2 na dare, awa 11 kawai ya samu cikin 18. Ziyarar dutsen ta dace da ranar farko kafin a shiga ruwa, ko bayan an cika kwana guda cur da fitowa.