Dutsen Tozali

Tozalin da ake zubawa cikin tandu daga dutse ake samunsa. Ɗaya daga cikin duwatsun da ake niƙawa don yin tozali shi ne wanda masana suke kira stibnait.

Wannan dutse haɗin abu biyu ne, watau wani ƙarfe mai suna antimoni da farar wuta. A cikinsa kowace ƙwayar zarra 2 ta antimoni tana haɗe da 3 na farar wuta. Abin mamaki, farar wuta rawaya ce, amma da ta haɗu da antimoni sai launinta ya ɓace. Dutsen ya fito toka-toka, yana walƙiya, tsinke-tsinke kamar an ɗaure allurai wuri ɗaya.

Ba shi da tauri. Farcen mutum ma yakan karce shi, shi ya sa ba ya wuyar niƙa. Ruwa ba ya narkar da shi, amma wuta tana yi. Idan zafi ya kai awo 550 a ma'aunin Salsiyas sai ya narke, har ɗan siririn ɓallinsa yakan narke a harshen kyandir. Ana sa garinsa a kan ashana don ya taimaka mata kamawa. A ƙasar Sin ake haƙo shi da yawa, musamman a lardin Hunan.

To, akwai wani dutse mai kama da shi ƙwarai, sunansa galina. Shi kuwa haɗin darma ne da farar wuta, ana samunsa a Abakaliki da Zurak. Ya fi stibnait nauyi, kyandir ba ya narkar da shi, kuma in an fasa shi yakan rabu gunduwa-gunduwa masu kusurwa huɗu. Amma in an riga an niƙa su, ido ba ya iya rarrabewa.

Nan ne haɗarin yake, gama yawancin tozalin gargajiya na kasuwa galina ne. Darma dafi ce. Jariri yakan murza ido, sa'an nan ya kai hannu baki, darmar ta shiga jininsa kaɗan-kaɗan, ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yaron ya girma karatu yana yi masa wuya, ba a san dalili ba. Antimoni ma ba abin haɗiya ba ne. Saboda haka likitoci suke hana a sa wa jarirai tozalin dutse.