Mai Shirin Dawowa Gida, Ga Abin Da Ya Kamata Ka Sani Game Da Haraji

Duk wanda ya daɗe yana neman halaliyarsa a ƙasar waje, ranar komawa gida ce ke cikin ransa. Sai dai da yawa kan haɗa kaya su yi sallama da abokan zama ba tare da sun tambayi yadda haraji zai tarbe su ba. Wasu kuma sun ji labarin cewa ana yafe wa masu dawowa haraji, suka ɗauka haka abin yake a ko'ina.

Gaskiya ne wasu ƙasashe suna yin haka domin su jawo 'ya'yansu da suka watse. A 2019 Fotugal ta ƙaddamar da shirin Regressar, inda ɗan ƙasar da ya dawo ake cire rabin albashinsa daga lissafin haraji har shekara 5. Italiya ma tana da irin wannan sassauci. Amma daga 2024 wanda ya amfana dole ya zauna a ƙasar shekara 4. Idan ya tashi kafin lokacin, sai ya mayar da abin da aka yafe masa har da ruwa. Wato ko a can ma, kyautar tana tafe da igiya.

A Najeriya lissafin daban yake. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta fi duba inda mutum yake zaune. Wanda ya yi kwana 183 a ƙasar cikin wata 12 ya zama mazauni, kuma abin da yake samu, a gida ko a waje, yana iya shiga lissafi. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Kuɗin da ka tara daga albashinka lokacin kana waje, shigo da su gida ba ya mayar da su sabon samu. Idan kuma an riga an cire maka haraji a ƙasa irin Ingila, Faransa ko Sin, akwai yarjejeniyar hana biya sau biyu tsakaninsu da Najeriya, amma sai ka nuna shaidar biyan.

Inda aka fi kuka shi ne wajen kwastan. Wanda ya zauna waje aƙalla wata 9 yana iya shigo da kayan gidansa da ya riga ya yi amfani da su ba tare da biyan kuɗin fito ba. To, sai mutum ya cika kwantena da gado da tukwane da tsohon firij, ya cusa sababbin talabijin shida a kwalayensu na tsaraba ko na sayarwa, ya ɗora mota a gaba. Ranar da aka buɗe kwantenar a tasha, talabijin ɗin nan kayan kasuwa ne, motar ma sai an biya mata. Kafin a gama ja-in-ja, kuɗin ajiya na kullum sun cinye ribar. Haka nan wanda ya shigo da tsabar kuɗi fiye da dala 10,000 dole ya bayyana su a filin jirgi, in ba haka ba suna iya salwanta.

Saboda haka, tun kana can ka tattara takardun albashi, shaidar biyan haraji, rasit ɗin kaya da fasfo mai tambarin shiga da fita. Kada ka miƙa kuɗinka ga dillalin da ya ce maka "bar min komai, ina da mutane a ciki". Nemi ejan mai lasisi, kuma da ka sauka ka leƙa ofishin hukumar tara haraji ta jiharka, ka tambayi matsayinka kafin su aiko maka da takarda.