Takardar Likita a Aljihu: Yadda Ake Warware Sunan Cuta da na Magani

Wata Laraba, ranar kasuwar Birnin Ƙonni, wani dattijo da muka haɗa benci a tasha ya zaro takarda daga aljihu, ya warware ta a hankali kamar mai buɗe laya, ya miƙo mini. "Ɗana, duba mini, me suka ce yana damuna?" Kalma biyu ce a rubuce: gastrite chronique. Na ce, "Baba, kumburin tumbi ne da ya daɗe a jiki." Ya yi ajiyar zuciya. "To ai wannan na san shi! Kwana huɗu ban runtsa ba, na ɗauka sunan ajalina aka rubuta."

Wataƙila an yi masa bayani, ya ruɗe bai riƙe ba. Wataƙila kuma layi ya yi tsawo, ma'aikacin jinya ɗaya ne. Ko ma wanne ne, irin wannan takarda tana cikin aljihun mutane da yawa daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela. Likitocinmu da Faransanci suka yi karatu, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a waje, da shi kuma suke rubutu. Wanda ya je asibitin Galmi, da ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950, ya dawo da tasa. Wanda ya tsallaka iyaka zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato ya dawo da ta Ingilishi. Sai dai waɗannan dogayen kalmomi, in ka tona asalinsu, yawancinsu daga Girkanci da Latinanci aka aro su, kuma harhaɗa su aka yi gunduwa-gunduwa. Abin da aka harhaɗa kuwa ana iya kwance shi.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Mun ɗauki "karanta" mun sa mata "ma" a gaba, ta zama makaranta. Daga "buɗe" muka sami mabuɗi, daga "ɗinka" maɗinki. Yaron da bai taɓa jin kalmar "masaƙa" ba zai gane wurin saƙa ake nufi. Sunayen cutarmu ma haka suke: hawan jini, ciwon hanta, yoyon fitsari, gaɓa ɗaya tana nuna wurin, ɗaya tana nuna abin da ya same shi. Bambancin kawai shi ne kalmar likita daga wutsiya ake fara karanta ta.

Ɗauki ta dattijon. Wutsiyar, ite, tana nufin kumburi. Kan, gastr, tumbi ne. Da ka riƙe wannan wutsiya ɗaya, ƙofofi da yawa sun buɗe maka: otite kumburin kunne, bronchite kumburin hanyoyin iska na huhu, appendicite kumburin ɗan ƙaramin reshen hanji, hépatite kumburin hanta. Méningite, sanƙarau ke nan, kumburin mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, shi ya sa wuya yake sanƙarewa. A takardar Sakkwato wutsiyar takan zama itis, amma abu ɗaya ne.

A nan ne gargaɗi ya zo, domin rabin sani ya fi jahilci haɗari a harkar magani. Wutsiyar ite tana faɗa maka akwai kumburi. Ba ta faɗa maka abin da ya haddasa shi. Mutane da yawa da sun ji "kumburi" sai su nufi mai tallar magani a tire su sayi kafso, wato antibiotique. Antibiotique kalma biyu ce, anti mai yaƙi da, bios rai, kuma nau'i ɗaya na ƙwayoyin cuta yake kashewa, wato bakteriya. Ba ya taɓa bairos. Mai hépatite B ko ya sha kafso buhu guda, hantarsa ba ta san an yi ba, sai ma ƙarin nauyin da aka ɗora mata.

Harafin da ke bin sunan ma kada a raina shi. Hépatite A daga gurɓataccen ruwa da abinci take zuwa, kuma yawanci takan wuce da kanta. Hépatite B ta jini da saduwa take bi, ko daga uwa zuwa jariri, tana kuma iya zama a jiki shekaru har ta lalata hanta. Allurar Penta da ake yi wa jarirai tana kare su daga ita. Penta biyar ke nan a Girkanci, cuta biyar a allura ɗaya. Sanƙarau ya koya mana wannan darasi na harafi da tsada. A 2010 aka fara rigakafin MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, na nau'in A, kuma ya yi aiki sosai. Amma a 2015 nau'in C ya ɓarke a Nijar, ya kama sama da mutum 8,000, ya kashe sama da 500. Duk wanda ya ce "ai an yi mini allurar sanƙarau" ba tare da sanin harafin da ke katinsa ba, bai gama sanin matsayinsa ba.

Akwai gaɓoɓi biyu da nake roƙon kowane mai karatu ya haddace su ko da zai manta sauran: hyper da hypo. A baki sun yi kama, a ma'ana gabas da yamma. Hyper ya wuce kima, hypo ya gaza. Hypertension hawan jini, hypotension faɗuwarsa. Glyc zaƙi ne, émie kuma abin da ke cikin jini, saboda haka hyperglycémie sukari ya yi yawa a jini, hypoglycémie ya yi ƙasa. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, ko yake shan ƙwayar rage sukari, in ya ɗauki azumi ko ya wuni a gonar albasa bai ci komai ba, zai iya fara zufa, jiki na rawa, magana na ruɗewa. Iyalai sukan ce "sukarinsa ya tashi", su ƙara masa magani, alhali faɗuwa ya yi. Idan yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, ruwan sukari yake bukata nan take. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi likita. A kula kuma da ma'aunin da ke gefen lambar sukari a takardar gwaji: wani ɗakin gwaji da g/L yake rubutawa, wani da mmol/L, kuma 1 a na farko kusan 5.5 ne a na biyu. Mai kwatanta takardar wannan tsallake da ta wancan ba tare da duba ma'auni ba zai tsorata kansa a banza.

Wasu sunayen suna da daɗin warwarewa. Drépanocytose, wadda muke kira amosanin jini ko sikila, drepanon lauje ne a Girkanci, saboda ƙwayar jinin mai wannan cuta takan lanƙwashe kamar laujen yankan ciyawa ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Wasu kuma ƙarya suke yi, ko zuguguwa. An a farkon kalma "babu" take nufi, don haka anémie a zahiri "babu jini" ne, alhali ƙarancinsa ake nufi. Paludisme daga palus ta Latinanci, fadama, domin mutanen da sun ɗauka tururin fadama ne ke kawo zazzaɓi. Sai a 1880 wani mai bincike mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin wani majiyyaci a Aljeriya, a 1897 kuma wani mai suna Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Sunan ya zauna, kuskuren da ke cikinsa ma ya zauna, kodayake wanda ya kwana kusa da gandun noman rani na Ƙonni zai ce mutanen da ba su yi nisa da gaskiya ba. Sai kalmar positif, wadda ƴan boko suka saba ji a matsayin abin alheri. A takardar gwaji tana nufin an sami abin da aka je nema.

Batun tiyata ya fi kowanne nauyi, don abin da aka cire ba ya komawa. Graphie ɗaukar hoto ce, kamar a échographie, eko ɗin da ake yi wa masu ciki. Scopie leƙawa ce da na'ura. Tomie tsagawa. Ectomie kuwa cirewa ce ɗungurungum. Mace mai ƙari a mahaifa za a iya rubuta mata myomectomie, wato a cire ƙarin a bar mahaifa, ko hystérectomie, wato a cire mahaifar, haihuwa ta ƙare. Sau da yawa na biyun ne ke ceton rai, likita kuma yana da hujjarsa. Amma matar da mijinta suna da haƙƙin su ji da Hausa, kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa, me za a cire, me za a bari. Kunya ba ta da gurbi a wannan tambaya.

Sunayen magani ma da tsari aka gina su. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke ba kowane sinadari suna ɗaya na bai-ɗaya, ta kuma fitar da jerin farko a 1953. Wannan suna shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan kamfani a jikin kwali, kuma shi ya kamata ido ya fara nema. Doliprane da Efferalgan da Panadol duk paracétamol ne. Wanda ya sha na farmasin Ƙonni da safe, ya haɗa da wanda ɗansa ya kawo daga tsallake, ya ƙara da maganin mura da shi ma yake ɗauke da paracétamol, magani ɗaya ya ninka sau uku. Iyakar babba mai lafiya giram 4 ne a kwana ɗaya, ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wuce haka na iya kashe hanta, ba tare da an ji wani zafi a ranar farko ba. Masu wutsiyar cilline, irin su amoxicilline da ampicilline da cloxacilline, ƴan gida ɗaya ne da fenisilin. Wanda ɗaya ya taɓa sa masa borin jini ko toshewar numfashi, ya gaya wa likita kafin a ba shi kowanne daga cikinsu. Adol wutsiyar wasu magungunan kashe zafi ce, kamar tramadol, taramol ɗin da ya ci samarinmu da yawa. Ibuprofène da diclofénac kuma suna sauƙaƙa ciwon gaɓɓai, amma suna cin bangon tumbi, suna wahalar da ƙoda.

Wannan na ƙarshe ne ya sa na tambayi dattijon nan ko yana shan wani abu. Ya laluba ɗaya aljihun ya fito da ƙullin leda: ƙwayoyin ciwon baya da yake saya a kasuwa, biyu da safe biyu da dare, tun bayan girbi. Na juya bayan takardar ƙwayar na karanta masa ƙaramin rubutun, diclofénac. Na ce, "Baba, ku koma wurin wanda ya rubuta muku takardar nan, ku nuna masa wannan ledar kafin ku sake shan ko ɗaya." Ya mayar da takarda da leda aljihu guda, ya tambayi yaron mota ko akwai sauran lokaci kafin a cika.