Gishirin da ke kwarara kamar mai: Haɗarin da hanci ba ya iya ganowa

A garin Beltsville na jihar Maryland, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota daga birnin Washington, akwai wata katafariyar cibiyar bincike ta Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka wadda aka kafa tun 1910. Faɗinta ya haura eka 6,000, kuma ta yi suna wajen binciken tsirrai da dabbobi da ƙasar noma.

Sai dai a 1994 hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, ta sanya cibiyar cikin jerin wuraren da gurɓacewarsu ta kai matsayin da dole a yi musu tsaftacewa ta musamman. Dalili shi ne an shafe shekaru ana binne ragowar magungunan ƙwari da sinadaran narkar da abubuwa da sauran sharar aiki a cikin harabarta, a zamanin da ba a ɗauki hakan a bakin komai ba.

Irin wannan ɓarna ta tsofaffin sinadarai ce ta sa masana suka shiga neman madadi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɗora wa buri shi ne wani rukunin sinadarai da ake kira ayonik likwid, wato gishiri mai ruwa-ruwa, wanda har aka yi masa kirari da aminin muhalli. Kirarin ya yi nisa fiye da abin da bincike ya tabbatar.

Mene ne gishiri mai ruwa-ruwa?

Ba gishirin da aka jiƙa a ruwa ake nufi ba. Gishirin miya da muka sani ba ya narkewa da kansa sai zafi ya kai kusan digiri 800 a ma'aunin Salshiyos, saboda ƙwayoyinsa ƙanana ne, suna jeruwa suna riƙe juna kam. Amma idan aka haɗa gishiri da manyan ƙwayoyi marasa daidaiton siffa, sai su kasa jeruwa, ya zauna yana kwarara kamar man gyaɗa ko zuma. Duk gishirin da ke narkewa a ƙasa da digiri 100 ana lissafa shi cikin wannan rukuni.

Masani Paul Walden ne ya bayyana ɗaya daga cikin na farko a 1914, wanda ke narkewa a digiri 12. Amma harkar ba ta kankama ba sai 1992, lokacin da John Wilkes da Michael Zaworotko suka haɗa nau'o'in da iska da danshi ba sa lalatawa nan take. Bayan shekara 10, tawagar Robin Rogers ta Jami'ar Alabama ta nuna cewa wani nau'insa na narkar da selulos, wato zaren da ke ba karan dawa da auduga da itace ƙarfi. Kamfanin BASF na Jamus ya fara aiki da shi a masana'anta a 2002, a 2021 kuma Chevron ya soma amfani da shi a matatar mansa da ke Salt Lake City.

Abin da ya ja hankalin kowa shi ne kusan ba ya tashi sama ya zama tururi. Kwalbar fetur ko tina idan aka bar ta a buɗe, nan da nan ɗaki zai gauraye da wari, abin da ke ciki kuma ya ragu. Wannan kuwa yana nan yadda aka bar shi.

Ina haɗarin yake?

A nan ne gizo ke saƙa. Hanci shi ne mai gadin farko a ɗakin gwaji: da zarar mutum ya ji wari, zai ja da baya ko ya buɗe taga. Sinadarin da ba ya tururi ba ya ba da wannan sanarwa. Ɗigo ɗaya da ya zuba a kan tebur ko marfin ƙofa ba zai bushe ba, yana nan yana jiran hannun wanda zai zo gobe. Manomanmu sun san misalin wannan a maganin ciyawa na farakwat: shi ma gishiri ne da kusan ba ya tururi, amma kurɓa kaɗan tana kisa, shi ya sa masu yin sa ke ƙara masa wari da launi da gangan.

Da yawa daga cikin nau'o'in da aka fi amfani da su, musamman dangin imidazoliyam, suna fusata fata da ido, wasu kuma guba ne idan aka haɗiye. Akwai ƙa'idar da gwaje-gwaje a kan ƙananan halittun ruwa suka sha maimaitawa: gwargwadon tsawon jelar kabon da ke jikin ƙwayar sinadarin, gwargwadon ƙarfin gubarsa, domin doguwar jela tana kutsawa cikin tantanin da ke kewaye da ƙwayoyin halitta ta yaga shi. Wasu nau'o'in kuma suna ratsa fata cikin sauƙi, har masu binciken magunguna na gwada su don shigar da magani jiki ba tare da allura ba. Abin da ke alheri a asibiti, a ɗakin gwaji yana nufin zai iya jan duk wata gubar da aka narkar a cikinsa zuwa cikin jini.

Mafi muni shi ne abin da wasunsu ke rikiɗewa su zama. Nau'o'in da ke ɗauke da ƙwayar PF6, idan suka daɗe da danshi ko aka dumama su, suna sakin asid ɗin hidrofulorik. Rogers ɗin nan da kansa da abokan aikinsa ne suka yi wannan gargaɗi a 2003. Asid ne mai ha'inci: yana cin gilashi, kuma idan marar ƙarfi ne ya taɓa fata, mutum na iya shafe sa'o'i bai ji zafi ba alhali yana ratsa nama yana janye sinadarin kalsiyam daga jiki, abin da kan kai ga rikicewar bugun zuciya. Waɗanda aka haɗa da almuniyam da kulorin kuwa, da sun haɗu da ruwa sai su tada hayaƙin asid.

Batun cewa ba ya kama wuta ma sai an yi taka-tsantsan. A 2006 masu bincike sun nuna cewa wasu na ci da wuta sosai idan zafi ya farfasa su.

Idan ya shiga ruwa fa?

Tunda ba ya bin iska, hanyar fitarsa ita ce magudana. Da yawa suna narkewa a ruwa, kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da datti ba sa iya cinye su da sauri. A 2018 masu bincike daga Jami'ar Newcastle sun sanar da gano wani nau'i mai suna M8OI a cikin ƙasar da ke kusa da wata bola a arewa maso gabashin Ingila, yayin da suke neman dalilin yawaitar wata cutar hanta a yankin. Binciken bai yanke hukuncin cewa shi ne sanadin cutar ba, amma ya nuna yana kashe ƙwayoyin hanta a gwaji, kuma ya tabbatar da cewa sinadarin ya riga ya fita daga ɗakunan bincike.

Yadda ake aiki da shi

A Amurka doka ta tilasta wa duk mai sayar da sinadari mai haɗari ya haɗa shi da takardar bayanan kariya, wadda tun 2012 aka daidaita ta da tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya mai sashe 16. Na 4 yana bayanin taimakon gaggawa, na 8 kayan kariya, na 10 abubuwan da bai kamata su haɗu da shi ba, na 13 kuma yadda za a zubar. Sau da yawa a sashe na 11, na illa ga lafiya, mai karatu zai tarar an rubuta babu bayani. Ma'anar wannan ita ce ba a gwada ba, ba wai an gwada an ga lafiya lau ba ne, kuma ɗalibai da yawa a nan suke zamewa.

Safar hannu da tabarau da rigar aiki wajibi ne, a kuma sauya safar da zarar ta ɓaci. Dumamawa a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake yi. Idan ya fantsama a ido ko fata, a wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti da takardar a hannu. Mai aiki da nau'in PF6 ya tanadi man kalsiyam gulukonet tun kafin ya buɗe kwalba.

Ga masu bincike a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, inda karan hatsi da ɓuntun shinkafa ke jibge suna jiran wanda zai sarrafa su, akwai ƙarin abin lura. Yawancin waɗannan sinadarai suna tsotsar danshin iska, don haka kwalbar da ta zauna lafiya lokacin hunturu na iya fara lalacewa a watan Agusta idan marfinta bai rufu sosai ba. Akwatin zuƙe hayaƙi kuma da lantarki yake aiki: idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar dumamawa, a kashe aikin a fita.

Wanda ya zube a ƙasa ana tsane shi da busasshen yashi, a kwashe cikin mazubi mai marfi, a rubuta cikakken sunan sinadarin da kwanan wata a jiki, a miƙa wa masu kula da shara mai guba. Ruwan farko da aka ɗauraye kayan aiki da shi ma cikin wannan mazubi zai shiga, ba kwata ba.