Naman kaza a Jibiya: kama da wane ba ta wane

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Jibiya, tun daga bakin kogin Gada har gefen Dajin Rugu, naman kaza kan ɓullo a gindin bishiyoyi da jikin suri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, masu rarrabe na ci da mai dafi suna ƙarewa, alhali mabuƙata ƙaruwa suke yi.

Dattawan ƙauye da makiyaya su ne malaman wannan fanni, to amma ta'asar 'yan bindiga ta raba da yawansu da dajin. Ga kuma rufe iyaka da aka yi a 2019 da 2023, wanda ya durƙusar da cinikin da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi. Mai yunwa kuwa ba ya tsayawa dogon bincike.

Mai karatu, irin da gara ke renonsa, wanda masana ke kira Termitomyces, abinci ne mai kyau. Alamarsa ita ce doguwar jijiya da ta nutse har cikin gidan gara. Amma akwai wani fari mai faɗin laima, Chlorophyllum molybdites, da ke fitowa cikin ciyawa, yana sa amai da gudawa mai tsanani. In aka kife laimarsa a kan farar takarda ta kwana, za a ga ƙura kore-kore, ta na suri kuwa ja-ja ce.

Kada a ruɗu da cewa abin da akuya ko tsutsa ta ci ba ya cutar da mutum. Haka nan wuta ba ta kashe kowane dafi. Amanita phalloides, wanda ya fi kisa a Turai, ko an dafa shi yana lalata hanta, kuma ba ya nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24.

Ina kira ga masana tsirrai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da takwarorinsu na Maraɗi, su zauna da dattawan nan, su tattara sunaye da hotuna, a yaɗa ta rediyo da Hausa. Kafin nan, wanda ba ka sani ba, bar shi inda ka gan shi. Wanda kuma ya ci ya ji ba daidai ba, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci. Allah Ya kiyashe mu.